Waƙafi

Bakwai da rabi, biro ya watse.
Sumana ya tada babur ya nufi Yantala,
aka bar ni da ordinata da fanka mai ɗingishi
da fayil ɗin da dillalinmu ya turo daga Abijan
tun la'asar, ina ta yi masa kallon kitse.

Layi dubu biyu da ɗari huɗu da sha ɗaya.
Na ce bismilla, na danna shigar.

Manhajar nan an haife ta a wata ƙasa
inda ɗigo ke raba sefa da guntunta.
Dillalinmu kuwa da waƙafi yake rabawa,
haka ya koya a lakkwal, haka zai mutu.
Ba su gaisa ba, ba su yi faɗa ba,
ta dai haɗiye waƙafin ta yi shiru.

Sai ga Tankari, mai albasa a Katako,
hannun jari ɗari huɗu a kamfanin waya,
ribarsa ta bana jika talatin da uku da dala sittin,
allo ya ce miliyan uku da ɗoriya.
Minti goma Tankari ya yi yana attajiri
bai sani ba, yana can yana ɗaure buhu.
Na duba na sake dubawa,
har raina ya ce bar masa mana.
Na ce ƙarya fure take, ni ce zan je girbin.

Kwanan wata ma ta juya masa baya:
uku ga Afrilu ya zama huɗu ga Maris,
Hajiya Kulluwa ta sayar da takardar bashin gwamnati
makonni biyu kafin ta saya.
Ita da ko sisi ba ta ci na kowa.

Ga Nomau Shekarau, ga kuma wani Nomau
da harufan Faransi, da wutsiya bisa wasali,
manhaja ta buɗe musu ɗaki biyu.
Mutum guda ne. Na san shi.
Yakan zo da goro a aljihu, ya ce in karanta masa a hankali.
Ya rasu bayan sallar layya.
Jarinsa bai ji labari ba, yana ta haihuwa,
ƴaƴa tara na jiran alƙali ya raba.
Na haɗe layin biyu, hannuna ya yi nauyi.

Babana a Tawa, can bayan gari,
in garke ya dawo da almuru
yakan tsaya bakin shinge da tsakuwa cikin hula,
saniya ta shiga, tsakuwa ta faɗi ƙasa.
In guda ta rage a hular, babu tuwo,
sai fitila da sanda.
Ban gaji saniya ko ɗaya ba,
hular na gada.

Na share duka, na koma farko.
Na gaya wa manhaja: wannan ginshiƙi suna ne,
wannan adadi, wannan kuɗin dillanci,
rana kafin wata, waƙafi ba ado ba ne.
Wuta ta ɗauke. Injin maƙwabta ya yi tari ya tashi.
Batir ya ce saura kashi sha tara.

Na danna.

Jimillar dillali a hagu, tawa a dama,
tsakaninsu dala huɗu.
Dala huɗu ba ta sayen ko ƙulli ɗaya na gyaɗa,
amma na bi ta layi layi har sha ɗaya saura,
na same ta kwance cikin harajin wata ciniki
an lissafa ta sau biyu.

Sifili.

Na kulle, na sauko. Mai gadi na dafa shayi,
ya ce madam, yau an yi riba ke nan?
Na ce a'a Bubakar, an dai cika.
Gobe da safe zan kira Tankari
in ce masa jika talatin da uku da dala sittin,
zai ce alhamdu lillahi, a ƙara a kan uwar kuɗin.